Ƙofa ɗaya, akala mai juyawa: ina makomar la'adar dillalin Damargu?

A wannan mako filin namu zai nufi arewacin jahar Damagaram, wato ƙasar Damargu, gundumomin Tanut da Belbeji, domin mu tattauna wata magana da ke haddasa husuma a kasuwannin bisashe tun lokacin da salula ta shiga aljihun kowa. Maganar kuwa ita ce la'ada: wa ya cancance ta, yaushe take wajaba, kuma me zai hana wanda ya sha wahalar haɗa mai saye da mai sayarwa ya tashi a tutar babu?

Ga yadda rigimar ke tasowa. Wani alhaji a birnin Damagaram, ko wani ma'aikacin gomnati a Yamai, yana bukatar raguna gabanin sallar layya. Sai ya kira dillalin da ya sani a Belbeji ko Bakin Birji. Dillali ya wuni cikin rana yana zagaya turaku, yana buɗe bakin rago yana duba haƙori, ya ɗauki hotuna ya aika ta WhatsApp. Da rago ya kwanta wa mai saye a rai, sai ya ce: «Malam, ba ni lambar mai shi in ji daga bakinsa.» Da zarar lambar ta fita daga hannun dillali, ciniki ya fita. Su biyu su daidaita, a aiko da kuɗi ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza, a loda raguna a mota, dillali kuwa sai dai ya ji labari a bakin ƴan kamasho. Wani lokaci ma ɗan'uwansa dillali ne, wanda bai taka ko'ina ba, zai ɓullo daidai lokacin sallamawa, ya haɗa hannun mutanen biyu, ya karɓe la'ada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Mai saye ba ya neman lambar makiyayi haka kawai. Kowa ya san irin dillalin da zai ce wa makiyayi an taya ragonsa jika 100, ya juya ya ce wa mai saye ba a sallama ba sai a jika 130, ya soke jika 30 a aljihu, sa'an nan ya miƙa hannu ga kowannensu yana neman la'ada. Irin wannan ne ya ja wa sana'ar baƙin jini, har makiyaya da masu saye suka ga salula a matsayin hanyar kuɓuta. Ke nan kowane ɓangare yana da abin kuka, kuma in ba a gyara ba, abin da za a rasa ya fi ƴan jikunan da ake faɗa a kansu.

Domin mu gane abin da za a rasa, sai mu waiwayi tarihi. Damargu ta daɗe tana cin abinci da matsayinta na ƙofa tsakanin hamada da ƙasar Hausa. A watan Janairu na 1851, Turawan nan uku, Barth da Richardson da Overweg, sun sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri na Buzayen Kel Owi, kuma a Tagelel, cikin Damargu, suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, sauran biyun suka bi ta Tasawa. Barth ya bayyana Damargu a matsayin rumbun hatsin Azbin. Ta nan ne hanyar fatake daga Tarabulus ta Gat da Azbin take ratsawa zuwa Damagaram da Kano, kuma garin Jajiduna ya yi suna wajen saukar baƙi da cinikin gashin jimina, kamar yadda masanin tarihi Stephen Baier ya nuna cikin littafinsa na 1980 a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga bakin teku, a shekarar kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, bayan haka yaƙin 1914 ya ƙarasa kasuwar gashin jimina. Hanyar arewa ta mutu, kaya suka juya kudu: bisashe, fatu da hatsi.

Abin lura shi ne, hanya ta mutu amma mai masauki ya rayu. Buzu ko Bafillacen da ya fito daga daji da raƙuma ko shanu bai da bukatar sanin abin da ke gudana a Tarabulus ko Ikko. Ƙofa ɗaya ya sani, ƙofar gidan da mahaifinsa ke sauka, shi kuwa mai gidan aikinsa ne ya san inda kasuwa ta karkata a bana. Shi ke ba baƙo wurin kwana da ruwa, shi ke tafinta tsakanin Buzanci, Fillanci, Barbarci da Hausa, shi ke duba shaidar da ke jikin dabba ya tsaya a kan cewa ba ta sata ba ce, kuma in an sayar bashi shi ke lamuni. Wani masani mai suna Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu tsakanin fataken arewa da mahautan Yarabawa a kan bashi yake tafiya, kuma lamunin mai gida Bahaushe ne ke riƙe da shi. La'ada ladan wannan nauyi ce. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A zamaninmu ma hanyar ba ta daina juyawa ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. A watan Janairu na 1994 aka kariya darajar sefa da rabi, bisashen Nijar suka yi araha ga masu saye na waje. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya toshe ta har zuwa farkon 2024. A watan Mayu na 2025, gabanin layya, hukumomin Nijar da kansu suka hana fitar da bisashe waje domin sauƙaƙa farashi a cikin gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya canza inda ragon Tanut zai ƙare: yau kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, gobe Damagaram ko Yamai, jibi Agadas. Makiyayi ba ya iya bin diddigin duk wannan yana bayan garke. Wanda ya bar shi da lambar mai saye guda ɗaya tak a salula, ya bar shi da hanya ɗaya, ranar da ta toshe kuwa ba shi da mai juya masa akala.

Wani abin mamaki, matsalar nan da dillalin Belbeji ke fama da ita, ita ce manyan ƴan kasuwar intanet suka yi shekara kusan talatin suna fama da ita, kuma dabarun da suka gano suna da amfani a gare mu. A 1996 kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe wani tsarin dillanci: duk wanda ya yi rajista ana ba shi adireshi na musamman mai ɗauke da lambarsa, ya rarraba wa jama'a. Wanda ya danna adireshin ya shiga kantin ya yi sayayya, na'ura za ta rubuta cewa wane ne ya kawo shi, a ware wa wanen kasonsa. A tsarin Amazon, shaidar tana aiki tsawon awa 24 daga lokacin dannawa, kuma in mai saye ya danna adireshin wani dillalin kafin ya saya, la'ada ta koma ga na bayan. Kamfanoni da yawa a duniya sun bi wannan sawu, ciki har da Jumia da aka kafa a Ikko a 2012.

Nan da nan dillalan intanet suka ci karo da abin da kakanninmu suka gani a 1911: kanti yakan rufe, kaya sukan ƙare, kamfani yakan rage la'ada. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya rage kason kayan ɗaki daga 8 zuwa 3 cikin 100, na kayan abinci daga 5 zuwa 1 cikin 100, cikin ƴan kwanaki. Wanda ya riga ya watsa adireshin kantin a wurare dubu, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, abin da ba ya yiwuwa. Sai suka fito da dabarar da za mu kira juya akala. Dillali ba ya ba jama'a adireshin kanti kai tsaye. Yana ba su gajeren adireshi nasa na kansa, a bayansa kuma yana riƙe da wani jadawali inda ya rubuta kantin da kowane adireshi zai kai mutum. In kantin farko ya lalace, wuri ɗaya zai gyara, duk wanda ya danna tsohon adireshin sai ya tsinci kansa a sabon kanti. Bugu da ƙari, tunda kowa ta ƙofarsa yake bi, yana iya ƙidaya mutanen da ya tura, ya gwada da lissafin da kamfani ya ba shi. Wannan shi ne gidan mai masauki, an mai da shi cikin na'ura.

Akwai darussa huɗu a cikin wannan dabara. Na farko, juya akala iri biyu ne a ka'idar intanet: na dindindin mai lamba 301, da na wucin gadi mai lamba 302. In aka yi amfani da na dindindin, na'urar mai saye takan haddace inda aka kai ta, gobe ta zarce can ba tare da ta biyo ta ƙofar dillali ba, don haka da yawa daga masu sana'ar sun fi son na wucin gadi. Dillalin da ya miƙa lambar makiyayi kafin a daidaita hakkinsa, juyi na dindindin ya yi.

Na biyu, ƙofar ta zama taka. Dubban mutane sun gina gajerun adireshinsu a kan wata hidima ta kyauta ta kamfanin Google mai suna goo.gl. A 2018 kamfanin ya sanar zai daina ba da sababbi, a 2024 ya ce tsofaffin za su daina aiki a watan Agusta na 2025, daga baya ya sassauta ya bar waɗanda ake amfani da su. Kayan aro ba ya rufe katara. A wurinmu, ƙofar dillali a yau lambarsa ce. Wanda ke canza layi kowane wata, ko yake aiki da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, yana rushe gidansa da hannunsa.

Na uku, mai ƙwace a ƙarshe yana ko'ina. A watan Disamba na 2024 aka zargi wata manhaja mai suna Honey, wadda kamfanin PayPal ya saya a kan kusan dalar Amurka biliyan 4, da cewa takan maye gurbin shaidar dillalin da ya kawo mai saye da tata daidai lokacin biyan kuɗi, har maganar ta kai kotunan Amurka. Abin da ya buɗe wannan kafa shi ne ka'idar ba na ƙarshe la'ada. Kasuwar da ta yarda cewa wanda ya haɗa hannu shi ke da lada, ko da wani ne ya yi yawon nema, ta gayyaci irin wannan.

Na huɗu, kuma mafi girma, juya akala ba izinin ɓoye gaskiya ba ne. Amazon da kansa yana wajabta wa dillalansa su bayyana wa jama'a cewa suna samun kaso, yana kuma hana su ɓoye masa inda mai saye ya fito. A Faransa, dokar 9 ga Yuni 2023 ta tilasta wa masu tallata kaya a intanet su faɗa a fili cewa biyan su ake. Dalili a bayyane yake: wanda ke riƙe da akala yana iya kai raƙumi inda la'ada ta fi tsoka ko da kayan can sun fi muni, mai saye kuwa ba zai sani ba.

Ba sai mun je Amurka neman wannan hukunci ba, domin yana cikin littattafanmu. Imamu Buhari ya ware babi a kan ladan dillali, inda ya kawo cewa Ibn Sirin, Aɗa'u, Ibrahim da Hasanul Basari ba su ga laifi a cikinsa ba. A nan aka kawo ra'ayin Ibn Abbas cewa mai kaya yana iya yanka farashi ya bar wa dillali abin da ya hau, amma fa mai kayan ne ya faɗa da bakinsa. Malaman Malikiyya sun fi tsanantawa, suna sharɗanta a san adadin lada tun farko, har wani malaminsu na Tunusiya a ƙarni na 10, Abul Abbas al-Ibyani, ya bar amsoshi a kan mas'alolin dillalai kaɗai. Shari'a ta kuma hana tarbar ayari a bayan gari kafin masu kaya su san farashin kasuwa, ta hana taya kaya don ruɗin wani, ta hana kutsawa cikin cinikin ɗan'uwa bayan an kusa daidaitawa.

Dokar zamani ma haka ta ce. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, kuma dokarta ta kasuwanci, wadda aka amince da ita a 1997 aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta ware sashe a kan dillali, wanda take kira courtier da Faransanci. Ta ce hakkinsa ya tabbata da zarar nunin da ya yi, ko tattaunawar da ya jagoranta, ta kai ga ƙulla ciniki. Wato wanda ya nuna rago ya ci la'adarsa ko da a bayan idonsa aka sallama. Amma dokar ta ce ya yi asarar ladan in ya yi wa ɗaya ɓangaren aiki ya ci amanar wanda ya sa shi, ko ya karɓi wani abu daga ɗaya ɓangaren a ɓoye. Hakki da nauyi a tare suke. Abin da ya rage shi ne shaida, domin alƙali ba ya hukunci da rantsuwar bakin kasuwa kaɗai.

To, mene ne abin yi? Ga ƴan'uwa dillalai, a daidaita la'ada kafin hoto na farko ya tafi, a kuma ajiye maganar. Wanda bai iya rubutu ba, saƙon murya ya ishe shi: mai saye ya faɗi da bakinsa nawa zai biya a kan kowane kai, a bar saƙon cikin salula. A riƙe lamba ɗaya mai rajista da sunan mai ita. A samu ɗan littafi, da boko ko da ajami, a rubuta wa aka tura wurin wa, a wace rana, kuma a riƙa bibiya: alhajin da kuke tura wa makiyaya bara, yana biya kan lokaci har yanzu? Mai motar da kuke ba lodi, yana kai dabbobi da rai? Tura amintacce wurin wanda ya karye daidai yake da adireshin da ke kai mutum kantin da aka rufe, kuma sunan mai turawa ne ke ɓaci. Sama da kome, a faɗi farashin gaskiya a gaban kowa. Dillalin da makiyayi ya tabbata ba ya soke masa kome, makiyayin da kansa zai ce wa mai saye ya bi ta hannunsa.

Ga masu saye, musamman ma'aikatan da ke sayen rago daga nesa, ku tambayi kanku: ranar da jandarmomi suka tare mota aka ce dabbar ta sata ce, ko aka aiko muku da ragon da ba shi ne na hoto ba, wa za ku kama? Lambar salula ba ta da gida a Belbeji, ba ta da sarkin dillalai da za a kai ƙararta. Ƴan jikunan da kuka tsere wa biya su ne kuɗin lamuni. Kuma tunda muna maganar ma'aikata, mu bambanta abu biyu: la'ada ladan mai zaman kansa ne da ya yi hidima a fili. Kaso goma cikin ɗari da wani ke karɓa a biro domin ya karkata kwangilar gomnati zuwa ga wani ɗan kasuwa sunansa cin hanci, domin albashinsa ya riga ya biya shi, kuma akalar da yake juyawa ta jama'a ce.

Ga magadan gari da sarakuna, akwai abin koyi a maƙwabta. A Gogunu, arewacin Benin, tun shekarun 1970 makiyaya suka tashi tsaye kan ɓoye farashi, aka wayi gari mai dabba da mai saye suna ciniki ido da ido, dillalai kuwa aka mai da su shaidu: su tabbatar da cinikin, a yanka tikiti, a biya su daga kuɗin da aka ƙayyade. Ba a kore su ba, aikinsu aka fito da shi fili, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu kasuwannin Benin. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, bayan an cire ta daga Tanut, kuma kasuwannin bisashe suna cikin manyan hanyoyin shigar kuɗin komin-komin na yankin, daga Tarka zuwa Olelewa da Gangara. Tunda ana yanka tikitin haraji a kan dabbar da aka sayar, me zai hana a ƙara masa layi biyu, sunan dillali da farashin da aka sallama? Me zai hana a yi wa dillalai rajista tare da sarkinsu, a kafe adadin la'ada a bakin kasuwa da boko da ajami, a kuma riƙa shelanta farashin da ma'aikatan kiwo ke tattarawa a gidajen rediyon karkara? Da wannan, cinikin da aka fara a salula zai ƙare da takarda, komin ta sami harajinta, makiyayi ya san abin da aka biya, wanda ya kawo mai saye kuma ya sami hujja a hannu.

Salula ba za ta koma ba, hanya kuma za ta ci gaba da juyawa kamar yadda ta saba tun zamanin ayari. Dillalin da zai tsira shi ne wanda jama'a suka san ƙofarsa, suka san ladansa, suka kuma tabbata cewa inda ya tura su ya duba da idonsa. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman ƴan kasuwar Tanut da Belbeji da sarakunan dillalai, za mu buga su a wannan fili. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya raba mu da cin hakkin juna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.